Ɗalibaina sun bar wa na'ura jingar da na ba su a kan Kaduna, in hana ko in bari?

Malamar GST:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Kwana goma ke nan wannan magana tana cin raina. Na dami maigidana da ita har ya ce in kawo ta nan, tunda akwai malamai akwai ɗalibai, ko Allah zai sa a samu mai ba ni shawara.

Ina koyarwa a wata jami'a a nan Kaduna, shekarata tara. Cikin abin da aka ɗora mini akwai kwasa-kwasai biyu da kowane ɗalibi dole ya yi, ko lissafi yake karantawa ko aikin lauya: GST 112, na al'ummomin Najeriya da al'adunsu, da GST 312, na zaman lafiya da sasanta rikici. Haka aka jera su a sabon tsarin karatun da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta fitar a Disambar 2022. In ka cire waɗannan biyun, babu wani wuri da jami'a ke zaunar da yaro ta yi masa maganar ƙasa da zama da mutane. Ɗaliban suna da yawa, saboda haka tun bayan korona rabin laccar ta intanet muke yi. In naɗi murya in tura a zauren WhatsApp, in haɗa da takardu, su kuma su turo jinga ta imel.

A wannan zangon na ba 'yan aji uku jinga ɗaya tak. Na ce kowa ya rubuta shafi biyu a kan unguwar da yake zaune: su wa ke cikinta kafin shekarar 2000, su wa ke cikinta yanzu, me ya canja. Ban ce a tafi laburare ba. Na ce a tambayi uwa, ko kawu, ko mai shagon bakin layi. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da nake nufi.

Jinga ɗari uku da wani abu suka shigo. Na riƙa zama bayan isha'i ina karantawa, kuma ban kai ta hamsin ba jikina ya yi sanyi. Turanci tas, babu kuskuren nahawu, irin wanda na san yaran nan ba sa rubutawa a ɗakin jarrabawa. Kowa ya fara da cewa Kaduna mahaɗar ƙabilu ce. Kowa ya ce talauci da rashin aikin yi da rashin fahimtar juna ne suka jawo rikici. Kowa ya rufe da cewa gwamnati ta samar da aiki, malaman addini su yi wa'azin haƙuri. Ba ƙarya aka rubuta ba. Amma yaron da ke Rigasa da yarinyar da ke Sabon Tasha abu ɗaya suka miƙo mini, kusan kalma da kalma. Babu sunan layi, babu sunan kasuwa, babu "mahaifiyata ta ce". Wani ma ya kafa hujja da littafin wani farfesa, na nema har na gaji, babu littafin babu farfesan. Da na kira shi bai yi gardama ba, ya ce manhajar wayarsa ce ta ba shi.

Bari in faɗi dalilin da ya sa abin ya taɓa ni fiye da satar amsa ta yau da kullum. A unguwar Television aka haife ni. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. A Fabrairun 2000, lokacin da rikicin addini ya ɓarke a garin nan, ina da shekara goma sha huɗu. Maƙwabcinmu, dattijon coci, shi ya shigar da mu bakwai uwar ɗakin matarsa, kwana biyu yana zaune a ƙofa yana ce wa duk wanda ya zo babu kowa a ciki. Matarsa ta riƙa miƙo mana ruwan alwala a buta ta bayan labule. Da ƙura ta lafa muka tsallaka gada muka koma Tudun Wada, ba mu sake kwana a Television ba. Su ma 'yan uwansa da ke Tudun Wada suka tattara suka koma kudu. Haka kogi ya zama iyaka. Ɗalibaina kuwa yawancinsu bayan wannan aka haife su. A ganinsu haka Allah ya halicci garin: Musulmi a arewacin kogi, Kirista a kudu. Abin da nake so kawai shi ne yaro ya zauna gaban mahaifiyarsa ya ji da kunnensa cewa ba haka abin yake ba a da. Sai na'ura ta shiga tsakani ta raba shi da wannan zaman.

To ga tambayata. In hana amfani da AI, wato manhajar da ke rubuta amsa da kanta, kwata-kwata, alhali ba ni da hanyar kama mutum ɗari uku? In koma rubutu da biro a aji, in watsar da intanet ɗin? Ko in karɓe ta in koya musu yadda za su yi aiki da ita? Kuma abin da ya fi damuna: in har wannan abin ne zai riƙa gaya wa 'ya'yanmu mene ne ɗan ƙasa na gari, wa ya koya masa, kuma ra'ayin wa yake faɗa?

Ɗan aji huɗu daga Rigasa:

Wa alaikumus salam Malama. Ni ba ɗalibinki ba ne, a wata makarantar nake, amma na yi kwas ɗin nan bara kuma na yi abin da ɗalibanki suka yi. Ki yi haƙuri in faɗi ta ɓangarenmu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na farko akwai sauƙi. Tun 2024 da Meta AI ta shigo cikin WhatsApp, ba sai ka sauke komai ba. A wurin da kika turo jingar, a nan mai amsar yake zaune. Na biyu, mu GST kaya muke ɗaukarsa, maki kawai ake nema a wuce, kuma tun da na shiga jami'a ba a taɓa mayar mini da takardar jinga an ce ga inda ka yi daidai ga inda ka kauce ba. In ka san ba za a karanta ba, ba za ka ɓata darenka ba. Ke da kike zama bayan isha'i kina karantawa, wallahi da ɗalibanki sun sani da wasu sun ji kunya.

Amma babban dalilin ba wannan ba ne Malama. Tsoro ne. In na tambayi babana abin da ya faru a 2000, na san abin da zai faɗa, domin ƙanensa ya fita bai dawo ba har yau. Ba maganar da zan rubuta in tura wa malamin da ban san daga wane ɓangaren kogi ya fito ba ce. In ya ji haushi ya kayar da ni fa? In wani ya ɗauki hoton takardar ya watsa a Facebook fa? Amsar na'ura ba ta ɓata wa kowa rai. Ka miƙa ta ka yi barci lafiya. Na tabbata yarinyar Sabon Tasha ɗin nan ita ma tana da abin da ake faɗa a gidansu wanda take tsoron ki gani.

Kuma kada a yi mata rashin adalci, tana da amfani. Ni ban taɓa fahimtar Babi na 2 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ba sai da na sa ta warware mini shi da Turanci mai sauƙi. A nan na san sashe na 14 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban aikin gwamnati, sashe na 24 kuma ya jera abin da ke kan ɗan ƙasa. Na tambaye ta me ya sa ba a kai gwamnati kotu a kan babin, ta nuna mini sashe na 6, na buɗe kundin na ga haka ne. Ƙarfe ɗayan dare na yi wannan. Wane malami zan buga wa waya a lokacin? Kada ki hana Malama. Ko kin hana ma a ɓoye za a yi.

Injiniyan Barnawa:

Hajiya Malama, sannu da ƙoƙari. Tambayarki ta ƙarshe zan ɗauka, domin na yi digiri na biyu a ƙasar Sin a fannin kwamfuta, na ga yadda suka ɗauki wannan magana.

A can darasin aƙida da siyasa dole ne ga kowane ɗalibi ɗan ƙasar. Akwai na ka'idojin Markisanci, akwai na tarihin Sin na zamani, akwai na tunanin Mao Zedong da tsarin gurguzu irin na Sin, akwai na ɗa'a da doka, kuma daga 2021 aka shigar da tunanin Xi Jinping a dukkan matakan karatu. Mu baƙi ba a sa mu waɗannan ba, darasin harshe da na sanin ƙasar aka ba mu, amma abokan zamana suna yi ina gani. Tun 2019 akwai wata manhaja ta waya, Xuexi Qiangguo, da mutum zai karanta labarai da jawabai ya amsa tambayoyi ya tara maki. Da fasahar AI mai rubutu ta zo, ba su tsaya gardamar a hana ko a bari ba. A ranar 15 ga Agusta 2023 ƙa'idojinsu suka fara aiki, kuma an rubuta a ciki cewa abin da waɗannan manhajoji za su fitar dole ya dace da ginshiƙan aƙidar gurguzu ta ƙasar. ChatGPT ba a buɗe take a can ba, nasu suke ƙerawa, irin su Ernie ta kamfanin Baidu da DeepSeek. Sanannen abu ne cewa in ka tambayi manhajojin can yadda aka murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen a 1989, kauce maka suke yi.

Ba ina cewa mu kwaikwaye su ba ne. Ba na fatan ranar da wani ofishi a Abuja zai zauna ya tsara abin da na'ura za ta ce a kan rikicin Zangon Kataf ko na Kafanchan, domin duk wanda ke kan kujera a ranar, labarinsa za a sa mata a baki. Abin da na ɗauka daga wurinsu ɗaya ne: sun san na'urar ba ta zo da baki wofi ba. Mu ne muke ɗaukar ta kamar ma'aunin mai tireda. Waɗanda aka ƙera a Amurka su ma akwai hannun mutane a cikinsu.

Ga yadda abin yake a taƙaice. An ɗura mata rubutu mai ɗimbin yawa, galibinsa Turanci daga intanet da littattafai, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo wace. Bayan nan aka sa ma'aikata suna duba amsoshinta suna zaɓar wadda ta fi, har ta saba da irin amsar da kamfanin ke so: mai ladabi, mai tsayawa tsakiya, wadda ba za ta jawo musu ƙara ba. Shi ya sa jingar ɗalibanki ta fito iri ɗaya. Abin da aka rubuta a kan Kaduna da Turanci yawanci rahoton 'yan jarida ne da na ƙungiyoyin waje, ranar rikici suke zuwa su tafi. Labarin butar da aka miƙo muku ta bayan labule ba ya cikin abin da ta karanta. Littafin bogin nan kuma daga nan ya fito: ta san yadda sunan littafi da sunan farfesa suke kama, sai ta haɗa wanda ya yi kama da gaske.

Shawara ɗaya ta sana'a: kada ki dogara da manhajojin da ke cewa suna gano rubutun AI. Kamfanin OpenAI mai ChatGPT da kansa ya fitar da irinta a farkon 2023, ya janye ta a watan Yulin shekarar saboda ba ta cika dacewa ba. Za ki iya kayar da yaron da ya rubuta da guminsa.

Baba Mai Ritaya, Unguwar Sarki:

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ji ƙan mahaifinki. Jikana ne ke buga mini wannan, ni ina faɗa.

Na koyar shekara talatin da biyar, kuma ina so ki kwantar da hankalinki ta fuska ɗaya: amsar nan mai santsi da ba ta taɓa kowa, ba na'ura ce ta ƙirƙiro ta ba. Mu muka fara. A 1984 aka kawo WAI, shirin yaƙi da rashin ɗa'a, muka jera yara suna haddar take. A 1987 aka kawo MAMSER, hukumar wayar da kan jama'a, ƙarƙashin Jerry Gana, an ɗauke ni na wucin gadi muna zagaya ƙauyuka da lasifika a kan mota. Akwai alheri a ciki, ban musa ba, mutane da yawa a nan suka fara jin cewa ƙuri'a haƙƙinsu ce. Amma mu faɗa ne su tafa. A 1993 aka narkar da ita cikin sabuwar hukumar wayar da kai ta ƙasa, NOA. A makaranta kuma malami ya sayar da takardar lacca, yaro ya haddace ya mayar masa. To in abin da ake nema ke nan, na'ura ta fi yaro iyawa, ta fi malamin ma.

Ni inda na koyi siyasa ba a aji ba ne. A Zariya ne, ƙarshen shekarun 1970, lokacin da za ka shiga ɗakin taro ka tarar da Dokta Bala Usman yana magana, ɗalibi ya miƙe ya ƙalubalance shi, a yi ta yi har dare. Da majalisa ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981, mun yi mako muna gardama a ɗakin malamai, ɗan PRP da ɗan NPN, Musulmi da Kirista, mu tashi mu ci tuwo a kwano ɗaya. Wanda zai ja da kai yana kallon idonka, kuma gobe dole ku gaisa, shi ne malamin wannan darasi. Jikana ya nuna mini abin nan na waya. Na ja da ita a kan wata magana, nan take ta ba ni haƙuri ta koma bayana. Na juya na faɗi akasin haka, ta sake bin bayana.

Kada ki hana su, amma ki fitar da su daga ɗaki. Gidan Sardauna yana nan a titin Rabah, Arewa House, da takardu jibge. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana titin Yakubu Gowon. Ki sa yaro ya riƙe tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa tun 1939, ko New Nigerian ta 1966, ya ga yadda kakanninsa suka yi musu a kan NEPU da NPC da bakinsu. Yawancin yaran nan sun wuce ƙofar wuraren nan a Keke Napep sau ɗari ba su san me ke ciki ba.

Maman 'Yan Biyu, Narayi:

'Yar uwa, na karanta labarinki na ajiye waya na yi kuka. Mu kishiyar tafiyarku muka yi. A Unguwar Mu'azu na girma, mahaifina tela ne, wani Alhaji mai sayar da itace ne ya fitar da mu cikin motarsa an rufe mu da buhuna. Yau ina koyar da darasin zama ɗan ƙasa a wata sakandare a wannan ɓangaren, kuma 'yan biyuna suna jami'a, ban taɓa ba su labarin nan gaba ɗaya ba. Da jingarki ta zo gidana ta hannunsu, ban san ko zan iya buɗe baki ba.

Shi ya sa nake so ki ɗauki maganar yaron nan na Rigasa da nauyi. Baba ya yi gaskiya, amma Baba, da girmanka, zamaninku gardamar a ɗaki take ƙarewa. Yanzu magana ɗaya in ta fita a waya, kafin la'asar ta zagaye gari an cire mata kai da ƙafa. Ba ƙaramin abu ba ne a ce yaro ya tono ciwon gidansu ya tura ta imel. Sai an yi masa shinge. A cire sunaye. Ki yi musu alkawari a bainar aji cewa babu mai gani sai ke, kuma ba a kan ra'ayin uban mutum za ki ba da maki ba. Ki gargaɗe su kada su kwafe hirar iyayensu da sunaye su zuba wa manhaja don ta gyara Turanci, domin abin da ka zuba mata ya bar hannunka. Akwai ma dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023, ya kamata su san da ita.

Abu na biyu, ki fara ba su naki labarin kafin ki nemi nasu. Kin ba mu a nan, su kin ba su? In yarinyar Sabon Tasha ta ji da bakinki cewa dattijon coci ne ya tsare ƙofa saboda ku, tsoronta zai ragu da rabi.

Na uku, garin nan yana da nasa misalan da ba sai an je wata ƙasa ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yi gaba da juna a rikicin 1992, Fasto ya rasa hannunsa, Imam ya rasa malaminsa da 'yan uwa, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare a nan Kaduna. A ranar 22 ga Agusta 2002 shugabannin addini 22 suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, kuma wata uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ya tashi. Ki tambayi ɗalibai: yarjejeniyar ta gaza ke nan, ko da babu ita abin ya fi haka muni? Na'ura za ta ce akwai gaskiya ta kowane ɓangare. Su kuwa dole kowa ya tsaya a wuri ɗaya ya kare kansa.

Malamar GST:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta kowace amsa sau biyu.

Ɗana na Rigasa, maganarka ta fi kowace zauna mini. Kwana goma ina kallon abin a matsayin lalaci, ban taɓa kawo tsoro a raina ba, alhali ni na fi kowa sanin dalilinsa. Kuma Maman 'Yan Biyu ta kama ni: shekara tara ina koyar da zaman lafiya, ban taɓa ce wa ɗalibaina a Television aka haife ni ba. Ina karanta musu ra'ayoyin masana a kan matakan rikici, in rufe littafi in fita. Na nemi su buɗe abin da ni na rufe. Allah ya ji ƙan kawunka in ya riga mu, ya ba mahaifinka haƙuri.

Bayan na karanta ku na koma kan sauran jingar da na tsallake. Akwai guda goma sha ɗaya da mutum ya rubuta, ana ganewa tun layin farko. Ɗaya ta wata yarinya ce daga Kakuri, Turancin duk a karye, ta rubuta da biro ta ɗauki hoto. Kakarta ta gaya mata cewa lokacin da masaƙu ke aiki, in aka busa tashi daga aiki titi cika yake da kekuna, kuma a gidan hayarsu akwai Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe, murhu huɗu a tsakar gida ɗaya. Ta ce kakar ta ce ba rikici ne ya fara watsa su ba, rufe masaƙa ne, domin masaƙar KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, wanda ba shi da albashi kuma ba ya iya biyan haya. Sai yarinyar ta ƙara da nata: ita ba ta yarda da kakarta gaba ɗaya ba, tunda an fara gudu tun 2000 masaƙun suna aiki. Shafi ɗaya da rabi. Da a zangon da ya wuce ne, da na rage mata maki saboda nahawu na ba mai Turancin na'ura fiye da ita. Wannan ma laifi ne da ke wuyana, domin mu muka koya musu cewa santsin Turanci ake saye.

Ga abin da na yanke, in shugaban sashenmu ya amince. Ba zan hana ba, kuma ba zan kayar da kowa a kan wannan jingar ba, sakewa za a yi. Ranar Litinin zan naɗi murya in ba su labarin gidanmu, da butar da komai. Sannan jingar za ta zama hawa uku. Kowa ya fara yi wa manhajar tambayar a fili, ya liƙa amsarta a shafin farko, ba ɓoye-ɓoye. Sai ya je ya zauna da babba ɗaya a unguwarsu, ba suna, shekaru da sana'a kawai. A shafin ƙarshe ya rubuta da hannunsa, da Turanci ko da Hausa, abin da babban ya faɗa wanda manhajar ba ta sani ba, da inda shi kansa ya tsaya. A kan wannan shafin makin yake. Injiniya, zan ƙara tambaya ɗaya saboda kai: a ina aka ƙera manhajar da ka yi amfani da ita, kuma wane abu ka lura tana kauce masa? In za ka samu minti ashirin ka naɗa musu bayanin nan da ka yi mana, da Hausa yadda ka yi shi, zan tura musu.

Baba, zan kai su Arewa House, amma rukuni-rukuni, mutum talatin a tafiya, don ba ni da motar da za ta ɗauki ɗari uku. In lafiya ta bari ina roƙon ka zo ko sau ɗaya ka ja da su.

Abin da ban warware ba shi ne yawan. Ni kaɗai ce, da mataimaki ɗaya, kuma karanta shafi ɗari uku na rubutun hannu da idon basira ba aikin mako ɗaya ba ne. Wani abokin aikina ya ce in sa manhajar ta taya ni dubawa. Na ƙi. Ba zan ce wa yaro ya kawo mini sirrin gidansu da alkawarin ni kaɗai zan gani, sannan in miƙa wa na'ura ba. Zan rage wani aikin in samu lokacin wannan.

Maman 'Yan Biyu, akwai abin da nake so in roƙe ki. Cikin ɗaliban akwai waɗanda na san ba su taɓa tsallaka gada sun shiga gidan kowa ba, iyakarsu wucewa a mota. Ina so in zaɓi goma da suka yarda da kansu, da izinin iyayensu, in kawo su Narayi wata Asabar da safe, ni da kaina zan rako su. Za ki iya samo mana dattijo ko dattijuwa biyu da suka taɓa zama a arewacin kogi, waɗanda za su yarda a zauna da su? Ni kuma zan karɓi naki goma a Tudun Wada, mahaifiyata tana nan da ranta, kuma tun jiya da na karanta mata saƙonki take tambayata ko kin san inda iyalan maƙwabcin namu suka koma.

Maman 'Yan Biyu, Narayi:

Na yarda 'yar uwa. Mahaifiyata ce ta farko, na riga na tambaye ta, ta ce a zo, Hausarta ma ta fi tawa. Na biyun zan yi magana da wani dattijo a cocinmu ranar Lahadi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi shekara ashirin a Tudun Wada. Ku zo Asabar ta biyu cikin wata da ƙarfe goma, kafin rana ta yi zafi, zan jira ku a bakin babban titi. 'Yan biyuna ma za su zauna su ji. Ki turo mini sunan dattijon nan na Television ta saƙon sirri, da cocin da yake zuwa in Mama ta tuna, akwai waɗanda zan tambaya. Ki gaishe ta da kyau.